Injin Zarton Kusurwa Mai Aiki da Lantarki: Tambayoyi da Amsoshi Kan Girka Shi da Aiki da Shi Lafiya

Injin zarton kusurwa ya sami wurin zama a shagunan kafintoci da na masu haɗa tagogin alminiyam, domin yankan da mutum zai daɗe yana fama da shi da zarton hannu, shi yana gama shi cikin daƙiƙoƙi kaɗan, kuma bakin yankan ya fito sumul. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda mai sabon inji ya fi buƙatar amsarsu kafin ya jona shi da wuta. Idan aka sami saɓani tsakanin abin da aka faɗa a nan da littafin bayanin da ya zo tare da injin, to littafin za a bi.

Wane irin inji ne wannan, kuma mene ne aikinsa?

Faifan zarto ne mai haƙora da aka ɗora a kan hannu mai sauka da tashi, a bisa wani faranti da ke juyawa hagu da dama. Katako yana zaune wuri ɗaya, an jingina shi da wani miƙaƙƙen ƙarfe da ke bayan farantin, wato majingina, faifan ne kuma yake saukowa ya same shi. Iri uku aka fi gani. Akwai wanda farantinsa kaɗai ke juyawa, akwai wanda kansa ma yake kishingiɗa gefe don a fitar da yanka mai gangare, akwai kuma mai zamiya, wanda kansa ke tafiya gaba da baya a kan sanduna na ƙarfe don ya iya ratsa katako mai faɗi. Dukkansu an yi su ne don yanka katako a gicciye. Ba a yi su don tsaga katako a tsawonsa ba, kuma duk wanda ya gwada hakan ya sa hannunsa a kan hanyar faifan.

Wane girma ya kamata in saya?

Girman inji yana bin girman faifansa, kuma waɗanda suka fi yawa a kasuwa su ne milimita 216 da 254 da 305, wato inci 8 da rabi, inci 10 da inci 12. Mai milimita 254 da ba ya zamiya yana yanka katakon da faɗinsa ya kai kusan milimita 140, mai zamiya kuwa yana kaiwa wajen milimita 300. Ga mai yin firam na ƙofa da taga da hoto, da mai aikin alminiyam, milimita 254 ya wadatar, faifansa ya fi araha kuma ya fi sauƙin samu. Babban ya dace da mai yawan yanka katakon rufi mai kauri. A ganina gara mutum ya sayi matsakaicin inji mai inganci ya rage kuɗin faifai mai kyau, da ya zuba duk jarinsa a babban inji ya ci gaba da aiki da faifan da ya dakushe.

Na sayi inji na hannu, wato wanda aka taɓa aiki da shi, da aka shigo da shi daga waje. Zan iya jona shi kai tsaye?

Sai an fara karanta ƙaramin allon bayanin da ke manne a jikin motar injin. Wutar gida a Najeriya da Nijar da Gana da Kamaru tana tsakanin volt 220 da 240 ne, tana kuma bugawa sau 50 a daƙiƙa. Injinan da aka ƙera don Amurka da Kanada na volt 120 ne, kuma a Ingila akwai injinan wuraren gini masu filogi rawaya da ke aiki da volt 110. Idan aka yanke filogin irin waɗannan aka sa musu namu aka jona, motar za ta yi gudun da ya wuce ƙima ta ƙone cikin ɗan lokaci, faifan kuma zai iya wuce iyakar gudun da aka ƙera shi a kai. Maganinsa taransifoma ce mai rage wuta wadda ƙarfinta ya ɗara na injin sosai. A inji na hannu a duba kuma ko murfin kariya da ke rufe faifan yana nan yana aiki, ko kan injin yana girgiza idan an kama shi an jijjiga, da ko majingina ta lanƙwashe. Injin da ya rasa murfinsa bai cancanci a saya ba ko da an karyar da farashinsa.

Wane janareta da wace waya za su iya ɗaukarsa?

Yawancin waɗannan injina suna cin wat 1,400 zuwa 2,000, kuma a daidai lokacin da aka danna makunni suna jan wutar da ta ninka haka na ɗan lokaci kafin faifan ya kama gudu. Saboda haka ƙaramin janaretan da ake kunna fitila da fanka da shi ba zai ɗauke shi ba. A nemi wanda ƙarfinsa ya kai kusan ninki biyu na injin, a bar shi ya daidaita kafin a fara yanka, a kuma ajiye shi a waje nesa da ƙofa da taga, domin hayaƙinsa yana kisa a rufaffen wuri. Idan wutar gari ta zo ba ta cika ba, har ana jin injin yana nishi kafin ya tashi, a dakata, domin aiki da raunanniyar wuta yana dafa motar.

Wayar ƙari kada kaurin kowace jijiyarta ya gaza murabba'in milimita 1.5, idan doguwa ce kuma a nemi 2.5. Wadda ake naɗewa a gammo a warware ta duka kafin aiki, saboda naɗaɗɗiyar waya tana tara zafi. Ɗabi'ar cusa tsirarun wayoyi cikin soket ba tare da filogi ba ta fi muni a shagon kafinta, inda garin katako ke kwance ko'ina yana jiran tartsatsi. Yana da kyau a sa na'urar da ke katse wuta da zarar ta fara zurarewa, mai awon miliamfa 30, musamman a wurin gini inda ƙasa ke da danshi.

A ina ya kamata a girka shi?

A kan benci mai ƙarfi da ba ya rawa, wanda tsayinsa ya kai wajen ƙugun mai aiki. A ƙafafun injin akwai ramuka da aka tanada don a ɗaure shi da noti, kuma a yi amfani da su. Wanda ke yawo da injinsa daga wannan gini zuwa wancan zai iya ɗaure shi a kan allo mai kauri, sannan ya riƙa matse allon da benci duk inda ya je. Aiki da shi a ƙasa, mutum yana tsugune, yana jawo fuska da gwiwa kusa da faifan, kuma ba ya barin wurin ja da baya. Idan mai zamiya ne a bar fili a bayansa yadda sandunan ba za su bugi bango ba.

Abin da aka fi sakaci da shi shi ne tallafar dogon katako. Farantin injin gajere ne, don haka katako mai tsawon ƙafa 12 zai rinjaya ta gefe ɗaya, da zarar an raba shi kuma sai ɓangaren da ke kusa da faifan ya ɗago. A kafa abin tallafi hagu da dama wanda samansa ya yi daidai da saman farantin. Kada a sa yaron shago ya riƙe ƙarshen katakon a madadin wannan, domin hannun mutum yana motsi, ɗan turin da zai yi ba da saninsa ba kuma ya isa ya sa katakon ya matse faifan.

Yaya zan tabbatar yana yanka daidai kafin in fara aiki?

Ko sabon inji ne daga kwali, jijjigar hanya tana iya gusar da saitinsa, don haka kada a yarda da lambobin da ke jikinsa sai an gwada. Da farko a zare filogi. A mayar da farantin kan sifiri, a saukar da kan injin ƙasa a kulle shi. A kwantar da sukwaya ta kafinta, wato ma'aunin kusurwar digiri 90, a kan farantin, gefenta ɗaya yana jingine da majingina, ɗayan kuma yana taɓa jikin faifan. A lura sosai a nan: sukwayar ta shiga tsakanin haƙora ta taɓa ainihin jikin faifan, domin bakin haƙoran ya fi jikin faɗi kuma zai ba da awon ƙarya. Idan an ga haske tsakanin sukwaya da faifan, a sassauta notunan majingina ko na allon lambobi, gwargwadon yadda aka ƙera injin, a gyara, a ɗaure, sannan a mayar da allurar nuni kan sifiri. Bayan haka a tsayar da sukwayar a miƙe, gindinta a kan faranti, don a ga ko faifan yana tsaye cak ko ya ɗan kishingiɗa. Akwai notin tsayawa da ake juyawa don gyara wannan.

Gwajin da ya fi sukwaya gaskiya shi ne na katako. A sami guntun katako mai faɗi wanda gefunansa biyu suke a miƙe, a raba shi biyu, a kifar da rabi ɗaya, sannan a haɗa bakunan yankan, duka biyun suna jingine da majingina. Idan injin yana daidai za su haɗu ba ko tsaga. Idan akwai kuskure zai bayyana ninki biyu, har ido ya gan shi. Wannan gwaji yana cin guntun katako ɗaya ne kawai, kuma ya dace a maimaita shi duk lokacin da aka ɗauki injin a mota ko aka canza faifai.

Wane faifai ya dace, kuma yaya ake canza shi?

Abubuwa huɗu ake dubawa. Na farko faɗin faifan ya zama wanda aka rubuta wa injin. Na biyu ramin tsakiya: injinan Turai sun fi zuwa da milimita 30, na Amurka kuma milimita 15.88 ko 25.4, kuma faifan da raminsa ya fi sandar injin faɗi ba ya zama a tsakiya sai da zoben cikawa da aka ƙera don haka. Na uku iyakar gudun da aka buga a jikin faifan ta kai ko ta wuce gudun injin, wanda yakan kasance tsakanin juyi 3,800 da 5,000 a minti. Na huɗu yawan haƙora. Mai haƙora 24 zuwa 40 yana da sauri amma yana barin bakin katako da kaushi, mai 60 zuwa 80 kuma shi ne na aikin firam da kayan ɗaki. Ga inji mai zamiya an fi son faifan da haƙoransa suka ɗan koma baya maimakon su sunkuya gaba, domin mai sunkuyen haƙora yana ƙoƙarin hawa kan katako ya taho wajen mai aiki.

Wajen canzawa a zare filogi tukuna, ko a cire batir idan mai batir ne. A danna maɓallin da ke kulle sandar faifan, a kwance notin tsakiya da sifanar da ta zo da injin. A yawancin waɗannan injina notin yana kwancewa ne idan an juya shi ta inda hannun agogo ke bi, saɓanin notin da aka saba, kuma mutane da yawa sun lalata shi suna ƙara ɗaure shi da niyyar kwancewa. A goge faya-fayan ƙarfe biyu da ke riƙe faifan, domin ƙwayar garin katako ɗaya a tsakaninsu tana sa faifan ya riƙa lilo. Kibiyar da ke jikin faifan ta bi kibiyar da ke jikin murfi, wato haƙoran da ke gaba su fuskanci ƙasa. Bayan an ɗaure, a juya faifan da hannu, a saukar da kan injin a ɗaga, a tabbata ba ya taɓa komai kafin a mayar da filogi. Faifan da ya tsage ko ya zubar da haƙori a jefar da shi, kada a kai shi wajen mai walda.

Wace sutura ta dace da wannan aiki?

Tabarau na kariya wajibi ne a kowane yanka, haka abin toshe kunne da takunkumin ƙura. Tufafi kuma su zama masu kama jiki. Kaftani mai faɗin hannu, babbar riga, jelar rawani, mayafi, carbin da aka rataya a wuya ko aka naɗe a hannu, agogo da zobe, duk a cire su ko a canza kafin a tsaya gaban injin, domin haƙori ɗaya idan ya kama bakin yadi yana jawo hannu kafin mutum ya ankara. Saboda wannan dalili ne ba a sa safar hannu lokacin yanka, sai dai lokacin canza faifai ko ɗaukar katako. A sa rufaffen takalmi maimakon silifa.

Yaya ake yin yankan kansa?

A duba katakon tukuna. Wanda aka ciro daga aikin zuba kankare a gini ko tsohon rufi yakan ɓoye ƙusa da busasshen siminti, kuma ƙusa ɗaya tana iya fasa haƙori ta harbo shi. A share farantin, a kwantar da katakon ya zauna daram a ƙasa, ya kuma manne da majingina ba tare da wani gibi ba a daidai inda za a yanka. Wannan shi ne ginshiƙin aikin gaba ɗaya. Faifan yana tura katako ƙasa da baya ne, don haka katakon da ya riga ya zauna ya jingina ba shi da inda zai gudu, yankansa zai fito daidai kuma hannu zai tsira. Wanda ke da gibi a bayansa kuwa faifan zai fizge shi zuwa majingina, ya tafi da duk abin da ke riƙe da shi.

A matse katakon da ƙarfen matsi da ya zo da injin duk lokacin da hakan zai yiwu. Idan da hannu za a riƙe, dokokin kariya da kamfanoni ke bugawa sun ce kada hannu ya matso faifan fiye da milimita 100, wasu kuma sun ce inci 6, wato kusan milimita 150, kuma bin mafi nisan ya fi. Kada a taɓa gicciya hannuwa, wato a riƙe katakon da ke dama da hannun hagu ko akasin haka, domin hakan yana shimfiɗa damtse a ƙarƙashin faifan. A saukar da kan injin yana kashe don a ga inda haƙori zai faɗa a kan layin fensir, a tuna cewa faifan yana cinye kusan milimita 2 zuwa 3, saboda haka ya faɗa ta ɓangaren da za a yar. A tsaya ɗan gefe kaɗan da layin faifan. A ɗaga kan injin, a danna makunni, a jira faifan ya kai cikakken gudunsa, sannan a sauke shi a hankali ba tare da danne shi da ƙarfi ba.

A inji mai zamiya tsarin ya ƙunshi mataki ɗaya da ba a sassauci a kansa. A jawo kan injin gaba zuwa wajen mai aiki tun faifan yana sama, a kunna, a sauke, sannan a tura shi baya zuwa majingina. Ba a yanka ana jawowa, domin a wannan hali faifan yana hawa kan katakon ya ruga wajen mai aiki. Idan katakon siriri ne da ba ya buƙatar zamiya, a kulle sandunan.

Me ya sa ake cewa a jira faifan ya tsaya kafin a ɗaga shi?

Domin ƙarshen yanka shi ne lokacin da hankali ke barin injin ya koma kan katako na gaba, alhali faifan yana nan yana juyi. Idan aka ɗaga kai yana gudu, haƙoran baya da ke tashi sama suna iya kama guntun da aka yanke su wurgo shi, ko su ɓata bakin yankan da aka gama. Hannun da ya miƙa don kwashe guntu kuma yana shiga wurin da faifan bai gama tsayawa ba. Don haka a saki makunni, a riƙe kan injin a ƙasa, a jira har ƙarar ta mutu kuma haƙora su bayyana ɗaya-ɗaya, sannan a ɗaga. Injina masu birkin lantarki suna tsayawa cikin daƙiƙoƙi kaɗan, amma birkin yakan ɗan fizgi kan injin ƙasa, saboda haka a riƙe hannun injin da kyau. Idan faifan ya maƙale a cikin katako, a saki makunni nan take, a zare filogi, sannan a ciro katakon.

Yaya ake yi da katako mai lanƙwasa, ko gajere, ko mai zagaye?

Katakon da ya bushe ya yi baka a juya shi yadda doronsa zai taɓa majingina a daidai wurin yanka. Idan aka sa cikin bakan yana fuskantar majingina, gibi zai kasance a tsakiya, kuma yayin da faifan ke ratsawa ɓangarorin biyu za su rufe a kansa. Ɗanyen katako ma yana yawan matse faifai, don haka a sassauta saurin sauke shi.

Gajeren guntu shi ne ya fi cin yatsu. Duk abin da riƙe shi zai kai hannu cikin tazarar da aka ambata, to ba na riƙewa da hannu ba ne. Hanya mafi sauƙi ita ce a yanko ƙaramin abin da ake so daga jikin dogon katako tun farko, maimakon a rage guntun da ya riga ya gajarce. Sanda mai zagaye ko bututun roba kuma suna mirginawa su ja hannu, sai an matse su ko an kwantar da su cikin katakon da aka fafe masa kwari. Kada a jera katako da yawa a yanka lokaci ɗaya ba tare da an ɗaure su ba.

Ina so in yanka guntaye da yawa masu tsawo ɗaya. Akwai dabara?

A matse wani ɗan katako a jikin majingina ko abin tallafi a daidai tsawon da ake so, a riƙa tura kowane katako ya tokare shi. Sharaɗin shi ne ɓangaren da ke tsakanin faifan da wannan tokari ya zama shi ne aka matse ko aka riƙe, domin sakakken guntu da ya maƙale tsakanin su biyun faifan zai harbo shi da ƙarfi. A riƙa share garin katakon da ke taruwa a gindin tokarin, in ba haka ba guntayen za su riƙa gajarcewa kaɗan-kaɗan.

Murfin kariya yana tare mini layi. Laifi ne in ɗaure shi sama?

Babban laifi ne, kuma abin takaici ne yadda ake yawan ganin injina a shaguna an ɗaure murfinsu da waya ko an cire shi ɗungurum. Murfin nan shi ne kaɗai abin da ke tsakanin haƙora da hannu a duk lokacin da kan injin yake sama. Idan ƙura ta dusashe shi, a zare filogi a goge shi da tsumma mai ɗan ruwan sabulu, kada a sa fetur ko sinadarin narkar da fenti domin suna cin roba. Don ganin layi kuma a saukar da kan injin yana kashe, kamar yadda aka bayyana. Idan murfin ya daina komawa da kansa, injin ya tsaya ke nan har a gyara shi. Haka ma makunni: kada a ɗaure shi a kunne. A wurin da ake ɗauke wuta a dawo da ita ba sanarwa, injin da aka ɗaure makunninsa zai tashi da kansa a lokacin da wani ke share farantinsa.

Zan iya yanka ƙarfe ko alminiyam da shi?

Alminiyam yana yankuwa idan littafin injin ya yarda, da faifai na musamman mai haƙora da yawa da aka ƙera don yankan alminiyam, kuma dole a matse shi, domin ya fi katako saurin kama haƙori. Rodi da bututun baƙin ƙarfe kuwa ba aikin wannan injin ba ne. Ɗora masa dutsen yankan ƙarfe yana jawo tartsatsin da ke ƙona murfi da sauran sassan roba, ƙurar dutsen tana toshe murfin, garin katakon da ke cikin jakar ƙura kuma yana iya kamawa da wuta.

Na yanka kusurwa 45 amma firam ɗina ya ƙi haɗuwa. Ina matsalar take?

Firam mai gefe huɗu yana da yanka takwas, don haka kuskuren rabin digiri a kowane yanka yana taruwa ya zama digiri 4 a kusurwar ƙarshe. A sake gwada saitin 45 ta hanyar haɗa guntaye biyu a auna su da sukwaya. A tabbata kuma kowane gefe biyu masu fuskantar juna tsawonsu ɗaya ne, domin bambancin tsawo yana buɗe kusurwa ko da yankan ya yi daidai. Sau da yawa kuma katakon ne ya ɗan zame lokacin yanka, saboda a kusurwa faifan yana jan sa gefe. Ga sauran siffofi a raba 180 da yawan gefuna: gefe biyar digiri 36, gefe shida 30, gefe takwas 22.5. Alamar 31.6 da ake gani a farantin injina da yawa an sa ta ne don adon da ake kafawa a mahaɗar bango da silin, tare da kishingiɗar da kai zuwa 33.9. Bangon gini ba kasafai yake cika digiri 90 ba, saboda haka a gwada da guntaye kafin a taɓa katakon aiki.

Ƙura da ƙara suna da illa ta gaske?

Suna da ita, sai dai ba ta bayyana da wuri. A shekarar 1995 hukumar binciken cutar daji ta duniya da ke birnin Liyon a Faransa ta sanya ƙurar katako cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa cutar daji ga ɗan Adam, musamman ta cikin hanci. Ƙurar wasu itatuwan da ake kawowa daga kudu, irin su loko da obeche, an san ta da tayar da asma, ta loko kuma har da ƙaiƙayin fata. Allon MDF, wato wanda ake yi da niƙaƙƙen katako da aka matse, yana fitar da ƙura mai laushi ƙwarai da ke ɗauke da gam ɗin da aka haɗa shi da shi. Jakar da ke bayan injin kaɗan take kamawa, don haka a yi aiki inda iska ke ratsawa, a sa takunkumi mai lambar FFP2 ko N95 ko abin da ya fi su, domin ƙyalle da aka ɗaura a hanci ba ya tare ƙananan ƙwayoyin. Game da ƙara kuwa, hukumar NIOSH ta Amurka mai binciken lafiyar ma'aikata ta sa iyakar desibel 85, wato ma'aunin ƙarfin ƙara, na awa 8, kuma duk ƙarin desibel 3 yana rage lokacin da rabi, wato a desibel 100 minti 15 ne kawai. Ƙarar wannan injin lokacin yanka takan kai wajen nan, jin da ƙara ta kashe kuma ba ya dawowa.

Wace kulawa yake buƙata?

A share shi da buroshi bayan aiki, a goge sandunan zamiya, a rufe shi. Da hunturu ƙura tana haɗuwa da duk man da aka shafa wa sandunan ta zama kamar yashi a cikinsu, don haka a shafa kaɗan a goge saura. Da damina a kare faifai da sandunan daga tsatsa. Ƙaron itace da ke manne wa haƙora yana sa faifan ƙona katako kamar ya dakushe alhali wanki kawai yake so. Idan tartsatsi ya yi yawa a cikin motar ko ƙarfinta ya ragu, a duba gawayinta guda biyu, wato ƙananan guntayen da ke isar da wuta ga ɓangaren motar mai juyi, a canza su tare.

Yaushe ya dace a bar yaron shago ya taɓa injin?

Sai ya girma ya mallaki hankalinsa, ya daɗe yana kallo, kuma ya yi yankansa na farko maigidansa yana tsaye a kansa. Yaron da iyayensa suka kawo koyon sana'a amana ne, kuma abin da ya ga maigida yana yi shi zai ɗauka, ba abin da aka faɗa masa ba. Idan za a tafi salla ko cin abinci a zare filogi, a kulle kan injin a ƙasa. Wanda ya gaji, ko ya sha maganin da ke sa barci, ko azumi ya galabaitar da shi da yamma, ya bar yankan zuwa wani lokaci.

Idan tsautsayi ya faru fa?

A kashe injin, a danne raunin da ƙarfi da tsumma mai tsabta, a ɗaga hannun sama, kuma kada a riƙa buɗewa ana dubawa. Idan jini ya ratso a ƙara wani tsumman a kan na farko. Kada a zuba baƙin mai, ko toka, ko garin katako, ko garin magani a kan raunin, domin suna shigar da ƙwayoyin cuta kuma suna wahalar da likita wajen wankewa. Idan yatsa ya rabu da hannu, a naɗe shi cikin ƙyalle mai tsabta mai ɗan danshi, a sa cikin leda a ɗaure, sannan a sa ledar cikin ruwa mai ƙanƙara, ba tare da naman ya taɓa ƙanƙarar kai tsaye ba. A garzaya da shi tare da mai raunin zuwa asibitin da ke da likitocin fiɗa, kamar Asibitin Ƙashi na Dala ga wanda ke Kano, ko babban asibiti mafi kusa. Kada a ba shi abinci a hanya domin mai yiwuwa a yi masa aiki, a kuma gaya wa likita lokacin da ya yi allurar rigakafin sandarewar jiki ta ƙarshe. Ko ƙaramin yanka ne a wanke shi da ruwa mai tsabta a nuna wa ma'aikacin lafiya, idan kuma wani abu ya shiga ido kada a murza shi, a rufe idon a tafi asibiti.